Ɗigon Baƙin Mai a Takardar Haladu

Bana shekara talatin da huɗu ke nan da muka kai Malam Haladu bakanike makwancinsa, kuma har yau in na tuna shi zama ba ya yiwuwa, sai in tashi in yi ta zagaye a tsakar gida. Ɗan kawuna ne, taubashina, tare muka tashi a Jakara. Duk shekara in watan rasuwarsa ya kama nakan yi masa sadaka, in ce na sauke nauyi. Yaudarar kaina nake yi. Akwai laifin da ni na aikata, shi ya ɗauka, kuma har ya koma ga Allah mutanen birni da shi suka san shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Gidansu gidan marubuta ne, masu kwafar littattafai da hannu. Kawu ya so ya gaje shi, Haladu ya sulale waje ya koyi kanikanci a garejin wani kamfanin Turawa. Ya dawo a shekarun nan na gab da samun 'yancin kai, ya kafa rumfa a gindin Goron Dutse, daidai lokacin da fataken cikin birni suka fara sayen ƙananan motocin dizal na ɗaukar kaya. Sai dai hali zanen dutse ne, takarda ba ta bar hannunsa ba. In an kawo mota, kafin ya taɓa sifana sai ya zaro sandar auna mai, ya ɗiga baƙin man a kan guntun farar takarda irin ta gidansu, ya ɗora tsakuwa a kai, ya tafi harkarsa. In ya dawo sai ya ɗaga ta a rana ya karanta. Ɗigon da ya bazu sumul, mai yana da rai. Wanda ya dunƙule baƙi ƙirin a tsakiya, hayaƙi ya cinye shi, a yi juye. In gefen ya yi zobe fari mai faɗi, dizal ne ke zurara ciki. In kuwa ya yi tsage-tsage, ruwa ya shiga.

Ni, Uba, maƙerin fari ne, fitila da mazurari da gwangwanin awo nake yi. Nakan leƙa rumfarsa in ce, “Alaramman baƙin mai, yau me allon ya ce?” Shi kuma ya ce, “Ya ce maƙeri bai yi wanka ba.”

An ce yanzu akwai ɗakunan da ake kai mai a kwalba, na'ura ta duba ta fitar da takarda, ta faɗi har irin ƙarfen da ya goge a cikin injin. Nakan tambayi kaina me Haladu zai ce. Ba zai raina ba, na san shi. Zai je ya ishe su da tambaya har su gaji, sannan ya zaro tasa takardar daga aljihu ya ɗiga, ya ga ko za su yi daidai. Abin da zai hana shi sukuni shi ne filta, matatar man inji, da ake sayarwa yau, kwali mai kyau, fenti mai sheƙi, ka fasa ka tarar da abin kunya a ciki. Da kurfi, ƙarfen nan namu na fasa gwangwani, zai riƙa yawo a kasuwar kayan mota, yana fasawa ana korarsa. In na kawo nan a tunani sai in tsaya, domin irin wannan abin kunya ni na fara ganin ya fasa, kuma aikin hannuna ne.

Ga yadda aka yi. A zamanin, filtar asali sai ta hau jirgin ruwa, ta hau na ƙasa, kafin ta iso Kano, wani lokaci a yi watanni babu. Injin dizal kuwa ba ya jimawa yake baƙanta mai. Sai Haladu ya yi dabara. Ya zana mini gwangwani mai kauri, da bututun tagulla biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita, a ɗaura shi a gefen injin ya riƙa tace mai kaɗan-kaɗan. A ciki kuma zare za a naɗa, zaren saƙa mai murɗi wanda aka dafa aka shanya, a naɗa shi tamau kafin in liƙe murfin da dalma. Ya gwada a mota ɗaya, ya yi ta ɗiga mai a takarda mako bayan mako, ɗigon yana fitowa fes. Labari ya bazu daga kasuwar Kurmi har unguwar Zaitawa.

Kakar gyaɗa ta zo, kowane mai mota yana son nasa yau-yau. Naɗin zaren nan kuwa yini guda yake ci, yatsu su yi kanta. Wata safiya na ga maƙwabciyarmu tana cusa shiɓaɓɓiyar auduga a matashin kai, sai na ce a raina, ai zare ma daga auduga ya fito. Na saya, na danna a gwangwani da taɓarya, na liƙe. A yini ɗaya na gama tara. Ban gaya masa ba, shi kuma bai buɗe ba, don a wurinsa abin da Uba ya liƙe ya liƙu. Ya ɗaura su duka. Sauri ya haifi nawa, amma ranar ni gani nake na fi kowa wayo.

Bayan 'yan makonni Alhaji Tanko, wani falken goro na unguwarmu, ya aiko da motarsa, wai allurar agogon mai tana faɗuwa in injin ya yi zafi. Da hantsi Haladu ya zo maƙerata da kansa, gwangwanin a hannu ɗaya, takarda a ɗaya. Ya ce in ɗaga ta a rana. Ɗigon yana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli, ga wasu 'yan siraran gashi kwance a ciki. Ƙyallin ƙarfen injin ne ke gogewa. Gashin kuwa na san ko na mene ne. Ya ɗauki kurfina ya fasa murfin a gabana, audugar ta fito baƙa, ta zagwanye. Gashinta ne ya bi mai ya toshe rariyar famfon mai, injin yana ta gudu da ƙishirwa.

Na riƙe masa riga. Na ce, “Don Allah Haladu ka rufa mini asiri. Mu bari duk wanda ya zo juye mu canja masa a hankali, ba wanda zai sani.”

Ya ce, “Takwas suna kan hanya yanzu, Uba, da mutane a saman kaya. Wacce za ta jira juye?”

Ya hau kekensa. Kwana uku yana bin masu motoci gida-gida, yana tare direbobi a bakin ƙofofin gari, yana kwance gwangwanin da hannunsa a gaban jama'a. Bakwai ya cim musu. Ta takwas injinta ya buga a hanyar Ɗambatta kafin saƙo ya kai.

Ranar da aka kira shi zauren Alhaji Tanko na bi shi, na ce wa kaina zan yi magana. Zauren cike da fatake. Alhaji ya ajiye gwangwanin a tsakiya ya ce, “Malam Haladu, tsakaninka da Allah, wa ya yi wannan aiki?” Haladu ya ce, “Ni na ɗaura, Alhaji. Ban buɗe na duba ba.” Ina zaune kafaɗata tana taɓa tasa. Na ji maganar ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Tsoro na ji, ba wani abu ba, tsoron a ce Uba maƙeri algungumi ne a hana ni zama a Kurmi.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan karon ruwan ya tsallake ni. Rumfarsa ta bushe, motoci suka koma Fagge. Ya gyara injin Alhaji da na ɗaya motar, amma suna in ya zube ba ya kwasuwa. Aka riƙa kiran duk wata dabarar banza “gwangwanin Haladu”, har yara suna faɗa ba su san mafarinta ba. Ya ƙare yana aiki a ƙarƙashin wanda a da yake zuwa ya tambaye shi. Ni kuwa sana'ata ta ci gaba, na yi gida, na je Makka.

Bai daina gaishe ni ba, bai daina tsokanata ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Sau ɗaya na iya tambayarsa, yana kwance a ciwon da bai tashi ba. Na ce, “Me ya hana ka faɗi sunana ranar nan?” Ya ce, “Abin da na faɗa gaskiya ne, ni na ɗaura ban duba ba. Wannan rabona ne na ɗauka.” Sannan ya ce, “Naka rabon kuma, ai bakinka yana jikinka.” Ya yi 'yar dariya ya ce in miƙo masa ruwa.

In na auna abin da ya rage na Haladu, ba shi da yawa a ido. Rumfar ta zama gidaje. 'Ya'yansa ba wanda ya bi sana'ar. Akwai tsofaffin kanikawa biyu ko uku da har yanzu suke ɗiga mai a takarda kafin su ce komai, wataƙila ba su san daga inda abin ya zo musu ba. Abin da na tabbata ya rage shi ne kwana ukun nan a kan keke, mutum yana rushe sunansa da hannunsa don kada motar wani ta mutu a daji.

Ni ne nawa ya rage a wuya. Alhaji Tanko ya rasu, fataken zauren nan duk sun bi shi, ba sauran wanda zan je in durƙusa a gabansa. Saura ku, da 'ya'yan Haladu da za su karanta wannan kafin in iya kallon idonsu. Ni na cusa audugar. Ni, Uba maƙeri na Jakara. Allah ya jiƙan Haladu, ya sa ya yafe mini, don ban taɓa roƙon gafararsa ba yana da rai.