Ramukan Turke a Filin Ƙwallo

Na manta abubuwa da yawa a aikin nan, har da sunayen manajojin da suka sha yi mini tsawa, amma ban taɓa mantawa da ranar da kwamitinmu ya zagaya fili ya gano cewa 'yan zari-ruga ne suke yin kashin raguna ba. Ku sababbin ma'aikata kun dame ni da tambayar abin da dogayen sandunan ƙarfen nan suke yi a bayan raga, alhali ba mai wasa da su. To, ku ajiye mesa ku saurara.

A lokacin ni ne heluman leburorin ƙaramin filin wasan nan namu na wajen Gwammaja. Sama da ni akwai manaja, sama da manaja akwai kwamiti, sama da kwamiti akwai Ciyaman, Alhaji Ɗanladi. Sama da shi kuwa ban taɓa jin labarin kowa ba. Aikinmu shi ne wanda kuka sani: dasa kiri-kiri, ban ruwa safe da yamma, yanke ciyawa, da zuba farar ƙasa a layi.

Ƙungiyoyi biyu ne suke amfani da filin. Akwai 'yan ƙwallon ƙafa, 'yan lelen kwamiti, masu magoya baya da ganguna. Sai 'yan zari-ruga, masu ƙwallo mai siffar gwanda, wadda ake runguma a ruga da ita. A wasansu akan kai wani wuri da ƙarti za su sunkuya, su haɗa kafaɗa, su yi ta turereniya. Ba zan yi musu ƙarya ba, wannan turereniya tana yagar ciyawa. Amma duk ranar da suka gama atisaye, kocinsu ba ya barin kowa ya tafi sai an ɗebo ƙasa a bokiti an cike inda aka ɓata, an tattake.

Kocin nan shi ne Malam Bukar, malamin firamare, daga gidan Barebarin nan na Jakara. Shi ya tara 'yan dako da masu tura baro na bakin kasuwa ya koya musu wasan. Shi ya nemo bututun ƙarfe ya kai wa mai walda, aka yi sandunan da kuke gani. Kuma ku gane, ƙwallon ƙafa ko a kan burji ana buga ta, amma zari-ruga wasan kayar da juna ne, in babu ciyawa fata ce take biya. Duk cikin gari babu wani fili mai ciyawa da ya yarda ya karɓe su sai namu. In aka kore su daga nan, ƙungiyar ta mutu.

Shekarar da abin ya faru, Babbar Sallah ta faɗo a farkon damina, kuma ana hutun gasa. Wata safiya manaja ya ce in buɗe babbar ƙofa, wai Ciyaman zai yi baƙi. Na buɗe. Baƙin suka iso a manyan motoci, kowanne da ƙaho biyu. Kafin azahar dillalai sun kakkafa turaku tun daga wannan raga har waccan, an baje dusa da harawa, fili ya zama kasuwar raguna.

Na sami manaja na ce, "Yallaɓai, turakun nan za su bar ramuka."

Ya dube ni ya ce, "Malam Habu, ciyawar ta gadonka ce?"

Ba ta gadona ba ce, sai na koma bakin famfo na ci gaba da ba baƙi ruwa. A Sallar nan duk ɗan kwamiti da ragon filinmu ya yi layya. Ban ce kyauta aka ba su ba, ban kuma ce ba kyauta aka ba su ba.

Bayan Sallah dillalai suka tuge turakunsu suka tafi. Muka share kashi, muka cike ramukan da ƙasarmu ta isa ta cike. Na roƙi a kawo mana motar yashi don sauran, aka ce sai kwamiti ya zauna. Kafin kwamiti ya sami kujera, ruwa ya sauka, ciyawa ta tashi ta rufe bakin ramukan.

'Yan zari-ruga ne suka fara dawowa atisaye. Washegari 'yan ƙwallon ƙafa suka zo, kuma ba a daɗe da farawa ba ɗan gabansu, Auwalu Guguwa, wanda duk unguwa take ji da shi, ya zura ƙafa a rami ya faɗi yana ihu. Ranga-ranga aka kai shi wurin mai ɗori. Magoya baya suka cika ƙofar ofis suna neman wanda ya karya musu Guguwa. Kocin 'yan ƙwallon ƙafa, wanda da idona na gan shi yana taya rago a daidai wurin, ya ce ai takalman 'yan zari-ruga ne suka haƙa ramin jiya.

Nan take kwamiti ya sami kujera. A ƙa'ida, in aka kawo ƙorafi, sai a duba fili, a ji ta bakin kowa, sannan a yanke hukunci. Mu ma duk muna yin waɗannan, sai dai daga ƙarshe muke farowa.

Ranar duba fili an kwana biyu ana ruwa, ciyawa ta yi kyau. Muna shigowa sai ga filin ya fito da zobba, kore shar, a jere kamar an dasa. Kowane zobe tsakiyarsa a ƙwaƙule da rami, gefensa kuma ciyawa ta yi duhu saboda taki da fitsarin da ta sha, daidai tsawon igiya. Duk ɗan birnin da ya taɓa ɗaure rago a tsakar gida ya san wannan zane. Raina ya yi fari, na ce yau gani ya kori ji.

Ciyaman ya tsaya a kan wani zobe, ya gyara babbar riga, ya daɗe yana nazari. Can ya ce, "Kun gani ko? Da'ira. Su wa suke yin da'ira a filin nan?"

Sakataren kwamiti ya ce, "'Yan zari-ruga, ranka ya daɗe. In sun haɗa kai suna ture-turen nan nasu."

Sauran suka gyaɗa kai, har wani yana cewa shi tun daga ƙofa ya yi zargin haka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan gurbin turken rago ne."

Ciyaman ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Malam Habu, ba mu kai kan maganar leburori ba tukuna."

Duk wannan Malam Bukar yana gefe. Sai ya durƙusa ya buɗa ciyawa, ya tsinto busasshen kashin rago, ya baza a tafin hannunsa, ya miƙa a gaban Ciyaman.

Ya ce, "Alhaji, mutanena suna da ƙarfi, na yarda. Suna yagar ciyawa, na yarda. Amma don Allah, wannan ma su ne?"

Wani ɗan kwamiti ya ƙunshe dariya har ta zame masa tari. Ciyaman ya dubi sakatare ya ce, "Ƙara da cewa ya yi wa kwamiti rashin kunya." Malam Bukar ya shigo da laifi ɗaya, ya fita da biyu. Kafin la'asar an sanar da cewa an dakatar da wasan zari-ruga a filin har sai abin da hali ya yi, don kare lafiyar ciyawa. Da ya nemi ya cire sandunansa, aka ce duk abin da aka kafa a ƙasar hukuma ya zama na hukuma. Ban ji an faɗa wa dillalai haka ranar da suke tuge turakunsu ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yammacin ranar. Na zaci 'yan zari-ruga za su zo su yi rigima, don ƙartin nan in suka so, su biyu sun isa su ɗaga ofishin manaja da shi a ciki. Sai ga su sun shigo da bokitai. Malam Bukar ya ce, "Malam Habu, nuna mana sauran ramukan, kada wani ya sake karyewa." Suka bi zobe-zobe suna cikewa har aka kira magariba. Wallahi kunya ta kama ni, kamar ni na yanke hukuncin.

Sun gwada ci gaba a wani fako a bayan ganuwa. Duk wanda aka kayar sai ya tashi da gwiwa a saɓule, ga shi da safe zai fita dako. Ɗaya bayan ɗaya suka janye, kafin ƙarshen shekara babu ƙungiya.

Da Sallah ta zagayo, baƙin Ciyaman suka dawo, wannan karon har da rumfa. Dillalai suka lura babu turken da ya kai sandunan ƙarfen nan ƙwari, sai suka riƙa ɗaure manyan ragunan a jikinsu. Ana jajibiri sai ga Malam Bukar ya shigo neman ragon layya. Wani dillali da bai san shi ba ya ja shi har gindin ɗaya daga cikin sandunan yana cewa, "Malam, dubi wannan, don ƙarfi sai turken ƙarfe ke riƙe shi." Malam Bukar bai kalli ragon ba. Ya dafa sandar, ya shafa inda aka yi waldar, ya ce da ni, "To, Malam Habu, ko ba komai ta yi ƙwari." Ya juya ya fita bai taya ko ɗaya ba.

Abin da na koya shi ne, fili abu uku yake buƙata: ruwa, da taki, da wanda za a ɗora wa laifi. Ruwa Allah yana kawowa, taki baƙin Ciyaman suna kawowa. Na ukun kuwa, da 'yan zari-ruga ne, amma tun da suka tafi babu kowa a layin sai mu masu riƙe da mesa. Saboda haka ku nemo bokitai tun yanzu, don ɗazu manaja ya aiko a ba shi makullin babbar ƙofa.