Ranar da aka auna ni da kara

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban rubuta ko alif a shafin nan ba. Masu kira suna tambaya ko da gaske ne Bala mai gyaɗa na Rogo ya rasu, ga amsarku. Ni ne nake rubutu.

Da nauyin ƙirji abin ya fara. In na ɗaga buhu a kasuwa sai in ji kamar an ɗora min dutsen niƙa. Na ce gyambon ciki ne, na yi ta banka kanwa. Ga ciwon suga da na daɗe ina fama da shi.

A Kano suka zura min siririyar roba ta cinya, suka nuna min jijiyoyin zuciyata a talabijin. Uku sun toshe. Aka tura mu wani asibiti a Abuja, sai da gonar gado da shanun huɗa suka tafi kafin mu hau mota, ni da matata Hajara.

Likitan ya ce za su ɗauki jijiya ɗaya a cikin ƙirjina, ɗaya a hannuna na hagu, su yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye toshewar. Ya sa na dunƙule hannu, ya danne tsintsiyar hannun da yatsunsa, ya ce in buɗe. Tafin ya yi fari fat. Ya saki gefe ɗaya, na ga jini yana dawowa a hankali.

"Jijiya biyu ce a nan, in mun ɗauke ɗaya, ɗayar za ta riƙe hannun," in ji shi. "Amma Hajiya ki sani, daga yanzu ba lallai a ƙara jin bugu a nan ba."

Hajara ce ta riƙe maganar. Ni tsoro ya toshe min kunne.

Aka yi aiki, aka dace, muka dawo gida bayan sati uku. Masu dubiya sai su kalli ɗinkin ƙirjina su sunkuyar da kai. Wallahi kallon mai shirin tafiya ake min, kuma yana ƙona min rai.

Kuskuren nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Na yi bakance in na tashi zan yi azumi uku. Ranar da Hajara ta tafi suna Karaye na ɗauka a ɓoye, na haɗiye maganin suga da na zuciya duka da sahur.

Bayan azahar na miƙe zan yi alwala, ƙasa ta juya.

Ban tafi gaba ɗaya ba, wannan ne abin da har yau yake tayar min da tsigar jiki. Ina jin muryoyi daga nesa, ba na iya motsa ko fatar ido. Na ji an ɗauke ni an kwantar da ni a ɓarin dama, fuska alƙibla, yadda ake wa mai gargara. Kun ga ke nan hannun hagu ne a sama.

Aka kira Kawu Sale, ƙanin mahaifiyarmu, shi ne mai duba mamata da wanke su a unguwarmu. Na ji yatsunsa a tsintsiyar hannuna. Ya daɗe. Jiki ya yi sanyi, numfashi ya yi ƙasa, mutum kuma an riga an san an tsaga masa ƙirji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya cika."

Na ji kukan mata a tsakar gida. Na ji an shafe min ido, an ɗaure min haɓa da tsumma. Na ji an shimfiɗa karan dawa a bayana daga kai zuwa diddige, aka karya ragowar, aka ba masu haƙa su tafi da shi. Wani ya ce a hanzarta da ruwa, a samu la'asar.

Ina ta ihu a cikin kaina. Ko yatsa bai amsa ba.

A bakin ƙofa ƙanina Sani ya kira Hajara, ya buɗe muryar wayar don Kawu ya ba ta haƙuri.

"Wa ya duba shi?" Muryarta ke nan.

"Kawu ne, Yaya. Sai haƙuri."

"Wane hannu ya taɓa?"

Sani ya sake ba ta haƙuri.

"Na ce wane hannu! Don girman Allah ku taɓa wuyansa, babu jijiya a hagun nan, tana cikin ƙirjinsa!"

Yatsu biyu suka sauka a wuyana. Sai na ji Kawu ya ja da baya har ya ture buta.

A asibiti aka ɗaura min ruwan suga, kafin magariba na buɗe ido. Da muka koma Abuja likita ya yi min faɗa kamar ɗansa. Ya ce jijiyar hannu tana da saurin tsukewa, in jini ya yi ƙasa haka tana iya rufewa a yi asarar aikin. Ya sake hoto, na ga jini yana bi ta cikinta sumul, alhamdulillahi. Yanzu ina taka sayyadata zuwa kasuwa da dawowa.

Na gode wa Allah, na gode wa Hajara, na gode wa duk wanda ya taimaka da addu'a ko da aljihu.

Don Allah nauyin ƙirji ba na kanwa ba ne, ku je awo. Mai shan magani kada ya ɗauki azumi sai ya tambayi likita. In an ɗauki jijiya a hannunka, ka faɗa wa kowa a gida, kada ka bar wa mutum ɗaya. Kuma kafin a aika haƙa, a nemo ma'aikacin asibiti ya tabbatar. Gaggawar jana'iza ta wanda ya mutu ce.

Jiya Kawu ya zo, ya zauna a bakin tabarmata, ya ƙi shan furar da aka kawo masa.

Can ya ce, "Bala, shekara talatin ni nake cewa an cika a unguwar nan. Tun ranar nan nake tuno su ɗaya bayan ɗaya."

Mahaifina yana cikinsu.