Mun Ɗaura wa Randa Kallabi

Mun tashi ana sallame asuba, mu shida, daga Ƙofar Na'isa, kowacce da ƙwaryarta a ka, ni kuma da masakina da ƙunshin farin alawayyo da na yayyanka. Ku da kuka san mu kun san kiɗan ƙwarya muke yi gidan biki da gidan suna, kuma ba ma zuwa ko'ina sai an aiko da goro. Wannan karon babu wanda ya aiko. Mu muka kai kanmu.

Dalili kuwa, 'yar ƙanwata tana aure a wani ƙauye bayan kogin Calawa. Bara da damina kurkunu ya fito mata a ƙafa biyu, ta yi wata biyu tana rarrafe ga goyo, mijin shi ma yana kwance, gero ya mutu a cikin ciyawa. Na kai kukana ga wata malamar asibiti a unguwarmu. Ta ce ƙwan abin a ruwan tafki yake, in an tace da ƙyalle mai saƙa a matse ba ya wucewa. Ban yarda ba sai da ta sa na leƙa ta wani gilashi na gani da idona. Ta ce ai an taɓa kai wa mutanen ƙauyen takarda a kan haka. Na ce ni da nake cikin birni ban iya karanta ta ba, balle su.

A wajen ƙofa muka sami lori za ta je ɗauko hatsi. Direba ya ce sule-sule, na ce sisi-sisi. Ya dube ni, na dube shi, ya ce mu hau. Hanya duk gargada, har ɗayarmu ta ciji harshe garin cin goro, muka huta da surutunta. A bakin kogi aka sauke mu, muka tattare zane muka tsallaka, ruwan bai wuce idon sawu ba saboda bazara. A tsallake muka sha fura da nono na kwabo-kwabo a hannun wata Bafillatana. Ba ta tsarga ruwa a nonon ba, na kuwa duba.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga garin. In faɗi gaskiya, sun fi mu shara, kowace ƙofar gida fes. Amma da muka bi ta tafkinsu, ga shanu a ciki, ga mata suna cika tulu, ga wani dattijo yana wanke gyambon ƙafarsa a gefe. Na wuce abina. Ba a fara faɗa kafin a ajiye kaya.

Bayan azahar mata suka taru a gidan ungozomar garin, tsohuwa tsarata, wadda duk abin da ba ta yarda da shi ba babu macen da za ta yi. Ta kalle mu sama da ƙasa.

"'Yan birni, kun zo koya mana shan ruwa? Mun ji ku a can, ruwanku ta bango yake fitowa."

"Kiɗa muka zo yi, Yaya. A ba mu ruwa."

Mu dai a kiɗanmu, cika masaki ake yi da ruwa a kife ƙwarya a kai, sannan a doka. Aka kawo tulu biyu daga tafki. Na ɗaure bakin masaki da alawayyo, na ce nawa ba ya shan ruwa haka nan, a zuba ta kai. Suka yi ta dariya, wai har ƙwaryar Kanawa tana da tsirfa. Da aka gama na kwance ƙyallen na shimfiɗa a faifai cikin rana, na ce su matso. Ga laka, ga wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa suna motsi kamar ƙwarƙwata. Dariya ta ɗauke. Wata ta tofar da yawu ta janye ɗanta.

Nan na ɗaga murya, 'yan uwana suka saki hannu:

Randa mace ce, 'yan uwa,
Kar a bar ta kai ba kallabi.
Wadda ta ɗaura wa randarta,
Ita za ta kai tuwo gona.

Kafin mu maimaita sau uku sun ƙwace amshi daga bakinmu. Har masu ɗingishi sun taka. Wasu suka zo liƙa mana kwabbai a goshi, na sa aka mayar wa kowacce nata, na ce ba biki muka zo ba. Muka raba ƙyallaye har suka ƙare.

Ungozoma kam ba ta karɓa ba, kuma na lura duk matan, har 'yar ƙanwata, ita suke kallo.

"In na tace, damina ta sauka kurkunu ya fito min fa?"

"Zai fito," na ce. "Wanda kika sha bara yana jikinki, shekara yake yi. Na baɗi muke tarewa."

"Ka ji wayon birni! Kafin baɗi wa zai gan ki?"

Gaskiyarta. Na zubar da ruwan masakin, na goge shi da gefen zanena, na ajiye a gabanta. Na ce na uwata ne, da shi ta ci abinci, da shi nake ci. Na ce ta riƙe shi jingina. In damina ta baɗi ta zo matan da suka tace suna rarrafe, ta fasa shi a tsakar gari. In suna tafiya, ta kawo min shi Kano da ƙafarta. Ta daɗe tana juya shi, tana duba ɗinkin da ke bakinsa. Sannan ta miƙa hannu aka ba ta ƙyallen da na tace da shi, ta ɗauraye, ta ɗaura wa randarta da kanta.

"To ki tanadi tuwo, 'yar birni. Ba irin naku na malmala ɗaya ba."

Mun kwana. Da safe na bi gida-gida ina sallama ina leƙa madafa. Randuna sun sha kallabi, sai gida biyu, na kuwa tsaya a kansu har aka ɗaura. Na 'yar ƙanwata ni na gyara mata ƙullin, don tun tana yarinya ba ta iya ɗauri ba.

La'asar sakaliya muka shigo birni, kaina babu kaya. Muna da biki ran Alhamis, 'yan uwana sai tambaya suke da me zan yi kiɗa. Aro zan yi, ba kunya ba ce. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, waƙa tana tara mutane ta buɗe musu kunne, amma ba sa ɗaukar maganar wanda ba shi da abin asara a cikinta. Ni na bar nawa a can, kuma hankalina a kwance yake.