Rabo Mai Rumbu da Faifan da Ya Ƙi Gajiya

Ranar da aka yi ruwan shuka na farko, iska ta yaye rufin rumbu uku a Gidan Sori, ba ko ɗaya da yake na Rabo. Shekara arba'in yana ginin rumbu, kuma bai taɓa yi wa rumbu biyu sabon rufi a shekara guda ba, don kada su tsufa tare.

A ranar ne Rahina, ɗiyar ƙanensa da ta yi lakol, wato karatun boko, mai zurfi, ta ɗauke shi a babur zuwa buro, wato ofishin ƙungiyar manoma, a Agiye don ya duba rufi. A ɗakin akwai na'urar kwamfuta da za ta riƙe bayanin iyakar gonar kowa, har tasa gonar da maƙwabcinsa yake ci kamu ɗaya kowace damina.

Ta nuna masa faifai huɗu na ajiyar bayanai a na'urar, ƙanana kamar ragowar sabulu, ba abin da ke juyawa cikinsu.

"Baba, bibbiyu zan jera su. Abin da ɗaya ya riƙe, ɗan'uwansa ya riƙe. In ɗaya ya mutu, gonarka tana wurin ɗayan."

"Me ke kashe su?"

"Yawan rubutu. Gajiya suke yi."

"Yaushe aka saye su?"

"Rana ɗaya, kwali ɗaya."

"Aiki ɗaya kuma? To ai rana ɗaya za ki yi jana'izarsu, ɗiyata. Gonata ta tafi."

Rahina ta san gaskiya ce. Kafin ta buɗe baki, ya jefa ɗaya a aljihu, ya ce zai gajiyar da shi ya riga 'yan'uwansa tsufa.

Mako bakwai yana wahalar da faifan nan. Ya ɗaure shi a amalanke har kasuwar Gazawa. Ya sa shi tsaron tsuntsu a gona. Kowace hantsi yana karanta masa sunayen mutanen gari, da na iyayensu. Matarsa Indo ta ce, "Malam, ko tuwo za a zuba masa?" Ya ce a'a, da yunwa zai fi saurin laushi.

Da ya maido shi, Rahina ta jona shi da na'urar, ta duba, ta danne dariya.

"Baba, na'ura ta ce sabo ne fil."

"Ni da na rame?"

Sai ta nuna masa: ta riga ta sayo biyu na wani kamfani daban, ta haɗa kowanne da ɗaya na farko. Ya duba ya sake dubawa, ya ce yanzu ne gonarsa ta zauna.

Rabo yana nan Gidan Sori yana ginin rumbunsa. Faifan kuwa an mai da shi na ko-ta-kwana, yana rataye cikin jakar fata a buro. Duk ranar kasuwa Rabo yakan biya ya fita da shi yawo.