Kwana shida da na riƙe amsar abokina

Shekarun baya, ina shekara ta uku a karatuna a Alƙahira, mu huɗu muke haya a wani gida a unguwar Madinat Nasr. Uku Hausawa ne. Na huɗun ɗan Meksiko ne da ya musulunta yana saurayi, ya zo koyon addini. Ɗakinmu ɗaya da shi, kuma da Larabci muke magana, nasa da gargada, nawa da fahariya. A lokacin malami nake jin kaina. Ko a kan wankin tukunya aka yi min tambaya, sai na kawo ra'ayin malamai uku.

Wata rana na raka shi unguwar Ma'adi neman irin barkonon ƙasarsu. Muna wucewa ta gaban wani shagon shayi sai ya ja ya tsaya. Wata tsohuwar waƙar soyayya ce ta Sifaniyanci take fitowa daga ciki, a hankali, kamar mai waƙar ba ya sauri zuwa ko'ina.

"Wannan ba ta asalin ba ce," in ji shi. "Wani ne ya sake rerawa."

A metro, jirgin ƙasan cikin gari, ya ba ni tarihinta. Ya ce tun kakarsa tana budurwa aka fara jin ta a rediyo, murya ɗaya da jita. Daga nan kowane zamani sai an sami wanda zai sake ta, wani ya ƙara mata kiɗa, wata ta mayar da ita wani harshen. A garinsu ana sa ta a biki, ana kuma sa ta in an dawo daga binne mutum. Mahaifinsa da ita ya ciyar da su. Shekara talatin da wani abu yana yawo da jita daga tebur zuwa tebur a wani gidan abinci, kuma ba a tashi sai wani ya roƙi wannan waƙar. Abokina ma mahaifin ya koya masa ita tun yana ƙarami.

"Da na musulunta bai ce min komai ba a kan sallah," in ji abokina. "Amma ranar da na mayar masa da jitar da ya ba ni, wata shida ya yi bai min magana ba."

Bayan wasu watanni lokacin jarrabawa ya zo, ga zafin Alƙahira. Kowa a gidan ya rame. Ina zaune kan littafi da rana abokina ya shigo ya zauna a bakin gadona. Ya ce yayarsa ta kira, mahaifinsu yana asibiti, huhunsa ya lalace, murya ta tafi. Ya rubuta mata a takarda cewa yana so ɗansa ya rera masa waƙar nan ta waya.

"Ya halatta, akhi, ɗan'uwana? Ba kiɗa, muryata kawai."

Na ce masa mas'ala ce mai saɓani, ya bari in bincika.

Gaskiyar magana ba binciken ne ya dame ni ba. Na gaji, kaina ya cika da haddar jarrabawa. Sannan ba na so sauran 'yan gidan su ji an ce ni ne na ba da fatawar waƙar soyayya. Sai na ajiye maganar a gefe. Bai sake tambayata da baki ba. Kullum na dawo daga jarrabawa sai ya ɗago ya dube ni, ni kuwa in ce, "Ina kai, in sha Allah," in wuce in kwanta. Haka muka yi kwana shida.

Ranar da na rubuta takardar ƙarshe na tafi unguwar Darrasa wajen wani tsohon malaminmu da yake zama a shagon littattafai bayan azahar. Na tsara masa mas'alar da kyau, har da ra'ayoyin da na sani.

"Me waƙar take cewa?" ya tambaye ni.

Ban taɓa tambaya ba.

"Yau kwana nawa da ya tambaye ka?"

"Shida, ya shekh."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan littafi. "Ɗana, uba yana gadon asibiti yana neman muryar ɗansa, ka riƙe shi kwana shida, ko ma'anar waƙar ba ka nema ba? In ba batsa a ciki, ya rera masa. Yalla, tashi ka tafi."

A bakin titi na kira abokina na faɗa masa. Ya ce tamam, ya yi, amma sai safiyarsu ake barin 'yan dubiya su shiga, wato bayan la'asar a wajenmu. Na hau ƙaramar bas, cunkoso ya riƙe mu, gumi har cikin takalmi. Da na isa na tarar da shi a baranda da waya a kunne. Yayarsa ce take gaya masa tun jiya tsohon bai buɗe ido ba. Duk da haka ta kara wa tsohon wayar a kunne.

Abokina ya rera. A tsakiya ya manta baiti ɗaya, sai na ji yayar tana tuna masa daga can. Ni ina tsaye a ƙofa riƙe da jakata, na kasa shiga, na kasa komawa. Daga baya na tambaye shi ma'anar. Ya ce wani ne ya dawo ƙofar gidan da ya bari, ba ya roƙon a buɗe masa, so yake kawai a san ya zo.

Bayan kwana biyu mahaifin ya rasu. Yayar ta ce ta ga yatsansa ya motsa lokacin waƙar. Abokina ya ce wataƙila tausayinsa ne ya sa ta faɗi haka.

Na nemi ya yafe min. Ya ce, "Ma'alish, ba komai, akhi. Ni ma a bayanka na ɓuya. Na san amsar tun ranar farko. Tsoro nake ji in fara in kasa ƙarasawa." A ƙarshen shekarar ya koma gida ya kula da mahaifiyarsa. Muna gaisawa da sallah, ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Yanzu koyarwa nake yi, tambayoyi ba sa yanke min. Kafin in buɗe littafi nakan fara tambayar mutum yaushe yake bukatar amsar, da kuma wanda yake jira a bayansa. Wannan ba a aji na koya ba.

Ba zan ce abin yana hana ni barci ba, ya wuce wannan matakin. Wata gajiya ce dai take sauko min in na tuna. A kwana huɗun farko na waɗancan shidan tsohon yana buɗe ido, yana gane mutane, wayar tana kusa da matashinsa. Ni kuwa ina ɗaki ɗaya da ɗansa, na juya masa baya ina hadda.