Azurfar Baba a Cibin Ɗana

Mahaifina ya yi aikin jirgin ƙasa a Malam Madori har ya yi ritaya, kuma abin da ya dawo da shi gida Haɗejia bai wuce ciwon baya da gwangwanin madara cike da kuɗin da ba sa sayen ko gishiri ba. Akwai anini, akwai ahu, akwai kwabo mai huji, akwai na ƙasashen da ko sunansu bai iya faɗa daidai ba. Duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya baje su a kan buzu yana yi mana tarihinsu, mu kuwa muna hamma.

Amma sarauniyarsu ba ta kwana a gwangwani. Wata azurfa ce mai faɗi, irin wadda ake bugawa don tunawa da wani babban biki, ba don kashewa ba, tana zaune cikin 'yar batta mai murfin gilashi a kan jan karan-miski. Wani mutum mai kwat da jaka ne ya sauko daga jirgin Kano ya sayar masa, tun kafin a haife ni. A wancan zamani haka ake tallarsu, tasha-tasha, ana neman ma'aikata masu albashi da tsautsayi. Mutumin ya ce darajarta tana cikin abu ɗaya: kada hannun ɗan Adam ya taɓa ta. Baba ya riƙe wannan magana fiye da yadda ya riƙe wasu hadisan. Ko battar zai ɗauka, sai ya naɗe hannu da hankici.

Matsalar ita ce albashin bai kai ba, sai ya cika da karsanar Inna.

Inna, mahaifiyata, Bafulatana ce daga wajen Baturiya, kuma karsanar da ita aka kawo ta gidan miji. Za ta iya yafe maka zagi, amma ban da saniya. Na tashi ina jin lissafin zuriyar wannan karsana, wadda a bakin Inna ta haihu, 'ya'yanta sun haihu, har garken ya cika fadama ya tsallaka kogi.

“Malam, yau azurfar taka ta ba da nono?” Haka take gaishe shi wasu safiyoyin.

“Ki bari dai,” in ji Baba. “Ranar da mai saye ya zo, garke zan kora miki har ƙofar ɗaki.”

Mu muna dariya, amma shi ba wasa yake ba. Duk girmansa a gidan nan ya rataya a kan wannan rana, kuma ya sani.

Shekarar da na zo gida wankan haihuwar fari, kasuwar tsofaffin kuɗi ta tashi. Yanzu ba mai kwat, sai samari a kan babur da waya a hannu, suna bin gidaje suna tambayar kwabo mai huji. Wasu har cewa suke akwai wanda ke jan ƙwayar shinkafa kamar maganaɗisu. Manoman Auyo da shinkafa ta ishe su sai gwadawa suke. Baba ya kore su duka, ya ce 'yan tsibbu ne. Sai da aka haɗa shi da wani dillalin gaske daga Kano, wanda ya ga hoton azurfar a waya ya ce zai zo da kansa.

Ɗana kuwa ya zo duniya da cibi, ƙato, in ya yi kuka sai ya kumburo kamar ƙwan zabo. Ma'aikaciyar asibiti ta ce a ƙyale shi zai koma. Inna ta ce yarinyar ba ta san komai ba, tun kaka da kakanni kuɗi ake ɗaurawa a danne shi. Ta gwada na gwangwani, duk sun yi ƙanƙanta. Ban tambaye ta inda ta samo wanda ya yi daidai ba. Ina fama da ruwan zafi da kunun kanwa, ba ni da ƙarfin bincike.

Dillalin ya iso da hantsi. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure, Baba ya sa babbar riga, ya naɗe hannu da hankici, ya buɗe akwati. Batta na nan, karan-miski na nan, azurfa babu. Salatin da ya yi sai da kajin gidan suka watse.

Inna na tsakar gida tana shafa wa jariri man shanu. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

“In azurfa kake nema, tana jikin maigidana,” ta ce, da yake haka take kiran jikan. “Ta samu aikin yi.”

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba, kuma a lokacin tausayinsa ya kama ni sosai. Ya karɓi yaron, ya kai shi zaure, ni kuma na laɓe a bakin ƙofa. Hankicin ya faɗi a hanya. Ya kwance ƙyallen da ke cikin yaron, azurfar ta zamo, ya tare ta da tafin hannu.

Dillalin ya karɓa, ya sa wani gilashi a ido ɗaya, ya juya ta, ya tsuke baki. Ya ce maiƙo ya shige ta, gefen ya dushe, ga kartar farce. Da ba a taɓa ta ba, da an yi maganar shanu. Yanzu dai, don mutunci, zai ba da kuɗin akuya.

Baba ya miƙa hannu aka mayar masa. Ya daɗe yana murza ta da babban yatsa, yana bin rubutun, yana jin nauyinta. Yaron ya soma kuka, cibin ya kumburo.

“Ashe ɗumi gare ta,” ya ce, kamar da kansa yake magana.

Sai ya ɗora ta a kan cibin, ya ja ƙyallen ya ɗaure, ɗaurin da bai iya ba, ya ce wa dillali a gaida mutanen Kano.

Inna ta warware ɗaurin ta sake ɗaure shi daidai. Daga ranar ban ƙara jin ta ambaci karsana ba, har Baba ya rasu. Da aka zo rabon kayansa, azurfar kaɗai ta ce a bar mata, ta ba mu battar.

Ɗan nawa yanzu ya fi ni tsawo. Cibin yana nan yadda yake.