Gidan Kan Dutse da Baba Ya Zaɓa

Shekara biyu da wani abu na yi ina neman gidan saye a Jos, kuma wanda ya fi gajiyar da ni a cikin neman nan shi ne mahaifina, Allah ya jiƙansa. Dillalai ma sun yi nasu, amma a bayansa suke.

A lokacin ina sarin kabeji da karas a Farin Gada, ina sayarwa masu lodi zuwa Kudu. Muna haya a wani gida da ke bayan Titin Bauchi, ɗaki biyu, ni da matata da yara huɗu da Baba, wanda ya dawo hannuna bayan rasuwar mahaifiyata. Da aka yi tashin hankali a garin, mutane suka yi ta ƙaura, kowa yana komawa inda nasa suke. Unguwanninmu suka cika maƙil, gidaje suka yi tsada. Mai gidanmu ya ce danginsa da suka taso daga wata unguwa suna bukatar ɗakunan. Mutumin kirki ne, ya ba ni lokaci, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har na lura gaisuwarsa ta fara gajarta.

Abin da na tara bai kai ya kawo ba, ƙaramin gida kawai zai saya, shi ma nesa da bakin titi. Burina bai da yawa: ɗaki uku, rijiya, da inda zan samu acaɓa da asuba in tafi kasuwa. Sai abu na huɗu, wanda ya fi sauran, wato masallaci a kusa, saboda ƙafafun Baba.

Baba ya yi sama da shekara talatin yana haƙar kuza. Tsayuwa cikin ruwan sanyi yana wankin ƙasa ta cinye masa gwiwoyi, da sanda yake tafiya, ita ma a hankali. Bai taɓa mallakar gida ba, daga barikin kamfani sai haya. Duniyarsa a lokacin ba ta wuce masallacin ƙofar gidanmu da wani benci da ke jikinsa ba, inda yake zama bayan la'asar da tsofaffi uku da suka yi aikin kuza tare. Labari ɗaya suke maimaitawa kullum, kuma kullum sai sun yi gardama a kansa.

Ranar da na gaya masa zan sayi gida, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya kafa min sharaɗi. Ba zan biya ko sisi ba sai ya je ya ga ƙasar. Ya ce da kamfanoni suka tafi sun bar ramuka ko'ina. Wasu ruwa ya cika su, kowa yana gani. Wasu kuma shara da jar ƙasa aka zuba aka daddale, aka yi gini a kai, kuma irin waɗannan gidajen ne suke araha.

Gida na farko da dillali ya kai mu, Baba ko leƙa ɗakunan bai yi ba. Ya zagaya baya, yana caka sandarsa a ƙasa, yana ɗaga kai yana duban duwatsu. Can ya tsaya.

"Kai," ya ce, don bai taɓa kiran sunana ba, ni ne ɗan fari. "Ka ga dutsen can mai tsaga? A gindinsa muke ajiye kwanukanmu. To nan inda kake tsaye rami ne, ya kai gaba shida."

Dillalin ya yi dariya. "Haba Baba, wannan ai tsohon zance ne. Gidan nan ya daɗe, ko gezau. Oga, ka yi wa Baba magana mana."

Baba ya wuce shi. Ya je jikin bangon da aka yi wa sabon fenti, ya kankare da bakin sanda. Sai ga tsaga daga tushe har taga, an cusa mata siminti. Ranar na dawo gida ina alfahari, na ba kowa labari a kasuwa.

A gida na bakwai alfaharin ya ƙare. Kowace fita sai na bar rumfa a hannun maƙwabci, in ɗauki acaɓa biyu, in tallafi Baba ya hau, in roƙi mai mashin ya bi a hankali. Mu isa, ya caka sanda, ya dubi duwatsu, ya girgiza kai. Wani ya ce rami ne, wani ya ce hanyar ruwan wanki ce, wani kuma ya ce bai tuna wurin ba, kuma abin da bai tuna ba bai yarda da shi ba. Dillalai suka sa masa suna safiyo, wato mai awon ƙasa. Na sayi wayar hannu musamman don su riƙa samuna, sai ya zama in na kira ba sa ɗauka. Duk wata uku kuma gidan da kuɗina zai iya saye sai ya ƙara ƙanƙancewa. In na shigo da yamma matata takan dube ni ta ce, "Yau kuma wane rami aka tono?" Da farko ina dariya, daga baya na daina.

Akwai gida ɗaya da har yau nake jin ciwonsa. A shimfiɗe yake, da rijiya mai ruwa har cikin bazara, da bishiyar gwaiba a tsakar gida, masallaci kuma yana kallon ƙofar. Na riga na raba ɗakunan a zuciyata. Baba ya zagaya, ya dawo, ya ce a'a.

Raina ya ɓaci, na yi masa magana da muryar da ban taɓa yi masa ba. Na ce, "Baba, mutane suna kwana a cikin gidajen nan suna tashi lafiya. Mu kaɗai ƙasa take jira?"

Ya dube ni ya ce, "Na ga ƙasa ta zame da mutum uku a gabana, da safe, muna hira. Kai ba ka gani ba."

Na mayar da shi gida raina a ɓace. Cikin mako guda wani ya saye gidan. Har yanzu ina bi ta wurin, yana nan tsaye, an ma ɗora masa bene. Ban san ko Baba ya yi kuskure ba ne, ko kuwa lokacin gidan ne bai yi ba.

Bayan wannan na yi wata biyu ban nemi kowa ba. Sai mai gidanmu ya same ni a ƙofa, ya ce ba don ransa yana so ba, amma kafin damina ta kankama yana son ɗakunansa. A makon ne wani dillali da ya rage yana ɗaga wayata ya ce akwai wani gida a Dutse Uku, daidai kuɗina, har da ɗan canji. "Amma oga, gaskiya ba na Baba ba ne," in ji shi.

Na je ni kaɗai na ga abin da yake nufi. Gidan yana can saman dutse. Mota ba ta zuwa, acaɓa ma a ƙasa yake tsayawa. Daga nan sai matakala da aka sassaƙa a jikin dutsen aka yi mata yaɓen siminti, tana lanƙwasa tsakanin gidaje, wani wurin sai ka dafa bango. Ba rijiya, don ba inda za a haƙa, ruwa sai an hawo da shi. Ɗaki uku ne masu kyau. Masallaci yana can ƙasa, bakin hanya. Na sauko ina cewa a raina wannan ba zance ba ne, ko gaya wa Baba ba zan yi ba.

Matata ce ta ambata a gabansa, tana tsokanata wai na koma neman gida a sama tunda ƙasa ta ƙi mu. Baba ya ce a kai shi. Na ce ba zai iya hawa ba. Ya ce ai ina da baya.

Haka na goya shi. Tunda nake ban taɓa ɗaukarsa ba, kuma rashin nauyinsa ya tsorata ni, buhun kabeji ya fi shi. Sau uku muna hutawa. Da muka kai na sauke shi a tsakar gida, ya ɗaga sanda ya buga ƙasa. Ta yi ƙara, ba ta shiga ba. Ya matsa ya sake bugawa. Sai ya zauna a dokin ƙofa yana murmushi, irin wanda na daɗe ban gani ba.

"Wannan ko Turawa ba su taɓa shi ba," ya ce. "Saya."

Na ce, "Baba, masallaci yana ƙasa."

"Na ga inda yake."

"Ba za ka iya hawa da sauka sau biyar ba. Ko sau ɗaya ma."

"Na ce maka zan iya? Yaranka za su kwana a kan abin da ba ya motsi. Saya."

Na ce to. Abin da na ji a lokacin, in faɗi gaskiya, sauƙi ne. Na ji kamar an sauke min kaya daga ka. Na san me gidan zai yi masa, na sani sarai, amma na gaji da dillalai, na gaji da sunkuyar da kai in na haɗu da mai gida, na gaji da sandar nan. Na gaya wa kaina ai shi ya zaɓa.

Muka tare kafin ruwa ya sauka sosai. Juma'ar farko na goya shi zuwa masallaci. Mutane suna ba mu hanya suna yi masa sannu, mata suna leƙowa ta katanga. Na ji ya kifa fuskarsa a kafaɗata. Juma'a ta biyu ya ce gwiwarsa tana ciwo, in tafi kawai. Daga nan ban ƙara tambaya ba, shi ma bai ƙara tayar da zancen ba. In an kira salla yakan jiyo daga ƙasa, ya yi alwala, ya yi tasa shi kaɗai a kan buzu.

Abokansa sun zo sau ɗaya. Biyu suka hawo suna haki, na ukun ya tsaya a ƙasa ya aiko da gaisuwa. Bayan wannan ni na zama ɗan aike, in kai gaisuwa in kawo gaisuwa. Bayan la'asar yakan zauna a ƙofar gida yana kallon gari, ba wanda zai yi gardama da shi.

Wajen shekara guda da tarewarmu, aka kira ni a kasuwa da hantsi aka ce ɗaya daga cikin abokan nasa ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. Na zo na gaya masa. Ya yi salati, sannan a karon farko ya ce da bakinsa, "Ɗauke ni."

An yi ruwa da safe, matakalar tana santsi. Na sauko da shi taku ɗaya-ɗaya, ina dafa bango. A ƙasa muka jima ba mu samu acaɓa ba. Da muka isa tsohuwar unguwarmu an riga an sallaci mamacin an wuce maƙabarta, sauran abokan biyu ma sun bi su a mota. Baba ya zauna a kan bencin nan shi kaɗai, ya yi addu'arsa, ya shafa. Bai fi minti goma ba ya ce mu koma.

Muna tsakiyar hawa na tsaya hutawa, yana bayana. Na ce, "Baba, zan sa gidan nan a kasuwa. Mu nemi wani a ƙasa, ko haya ce."

Ina jin numfashinsa a wuyana. Sannan ya ce, "Ranar da muka zo gani, sau ɗaya ka yi min musu. Na san ka gaji. Ni ma na gaji. Hau kawai."

Na gyara goyonsa na ci gaba da hawa.